Yayana da ke Faransa yana son ɗaukar marainiyarmu mai ɗauke da ƙwayar cutar Sida

Innar Marainiya ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon a yi mini uzuri da ban bayyana sunana ba, domin sirrin da zan faɗa ba nawa ne ni kaɗai ba.

Ni mazauniyar Maradi ce, ina da aure da 'ya'ya uku. Ƙanwata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu wata takwas da suka wuce, mijinta kuwa ya riga ta da shekara biyu, suka bar yarinya guda mai shekara huɗu. Sai a jinyarta ta ƙarshe muka san cewa cutar Sida ce take cin ta, domin ta ɓoye wa kowa, har da ni da muke kwana muna hira. Bayan addu'ar bakwai likita ya ce a kawo yarinyar a auna ta, aka auna, aka samu tana ɗauke da ƙwayar. Tun daga lokacin nake narka mata magani a ruwa kullum, kuma alhamdu lillahi tarin da gudawar da suka dame ta sun tsaya, har ta fara yin kumatu.

Babban yayanmu ya yi shekara 16 a Faransa, matarsa Bafaranshiya ce, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu ya ce a ba shi yarinyar, ba riƙo irin namu ba, a'a, ta zama 'yarsa a takardar kotu, ta ɗauki sunansa, ta koma can da zama. Hujjarsa ita ce asibitocin can sun fi namu, kuma babu mai nuna ta da baki. Mahaifiyarmu, wadda ke Tibiri kuma tsufa ya kama ta, ta goyi bayansa. Maigidana bai ce komai ba, amma na lura ya sa an ware wa yarinyar kwanonta da kofinta, kuma ranar da ta tambaye ni abin da ya sa ba ta ci tare da 'yan'uwanta, na rasa amsar da zan ba ta.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wani sashe na zuciyata da ke son in amince saboda tsoro da gajiya, ba saboda alherin yarinyar ba, kuma wannan ne yake hana ni barci. Ina son masu sani su gaya mini gaskiya: shin zamanta a cikin 'ya'yana yana da haɗari, kuma yaro mai wannan ƙwaya yana iya girma a nan har ya zama mutum? Me addini ya ce game da irin ɗaukar da yayana yake nufi? Ita kanta hanyar kai yaro wata ƙasa, yaya take?

Malamin Asibiti ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan ƙanwarki da mijinta, ya raya abin da suka bari. Na yi shekaru ina aiki a ɓangaren yara, saboda haka zan tsaya kan abin da ya shafi aikina.

'Yar'uwa, ki fara da maganar kwanon nan, ki mayar da yarinyar cikin 'yan'uwanta tun yau. Wannan ƙwaya, wadda muke kira VIH, maƙwabtanmu na Nijeriya kuma suke cewa HIV, ba ta bin abinci, ba ta bin kofin ruwa, ba ta bin yawu ko gumi ko tabarmar kwana, sauro ma ba ya ɗaukarta daga wani ya kai wa wani. Hanyoyinta sanannu ne: jini, saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri a lokacin ciki, haihuwa ko shayarwa. Abin da ya kamata ki kiyaye a gida bai wuce abin da ya kamata kowane gida ya kiyaye ba, wato kada a yi tarayya a reza, da buroshin haƙori, da allurar huda kunne, da askar wanzami. Idan ta ji ciwo jini ya fita, ki sa leda ko safar roba a hannu ki wanke mata, ki ɗaure, ki goge wurin da jinin ya zuba da ruwan jabel. Iyakarta ke nan. Idan maigidanki ya fi yarda da abin da ya ji da kunnensa, ki roƙe shi ya raka ku ranar karɓar magani, ya yi wa likita tambayoyinsa.

Game da rayuwarta, abin da aka sani shi ne, idan babu magani, kusan rabin yaran da aka haifa da ƙwayar ba sa kai shekara biyu. Taki ta kai huɗu ba tare da magani ba, kuma yanzu ta samu, to mafi hatsarin lokacin ya riga ya wuce. Daga yadda kika kwatanta, ina kyautata zaton akwai dolutegravir na yara a cikin abin da ake ba ta, ƙwayar nan mai narkewa a ruwa da ta fara isowa ƙasashen Afirka a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba da shi tun yaro yana da sati 4 da nauyin kilo 3, kuma shi ne dai ake ba yara a Turai. A Nijar kyauta ake ba da maganin ARV, wato maganin da ke danne ƙwayar. Yaron da yake sha kullum ba fashi, ƙwayar takan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta, garkuwar jikinsa ta farfaɗo, ya yi karatu, ya yi wasa kamar kowa. Akwai waɗanda aka haifa da ita da yanzu sun yi aure sun haifi 'ya'ya lafiyayyu.

Akwai wasu abubuwa da nake son ki riƙe, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Yawan maganin yana tafiya ne da nauyin jiki, don haka ki tabbatar an ɗora ta a sikeli duk zuwa, kuma idan ta kai kilo 20 za a canza mata zuwa ƙwayar manya. Ki nemi a yi mata awon yawan ƙwayar a jini bayan wata 6 da fara magani, a sake a wata 12, sannan duk shekara, kuma kada ki ji nauyin tambayar sakamakon. Idan aka taɓa samun ta da tarin fuka, wajibi ne mai ba da maganin tarin ya san tana shan ARV, saboda akwai gyaran da ake yi. Na ƙarshe ya shafi damina: idan tana shan kotirim, maganin da ke kare masu ƙwayar daga wasu cututtuka, kada ki bari a ba ta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana rarraba wa 'yan ƙasa da shekara biyar, domin ba a haɗa su. Ba sai kin yi wa masu rabon bayani ba, ki ce likitanta ya hana, ki sa ta a gidan sauro.

Ban ce babu bambanci tsakanin nan da Faransa ba. Wani lokaci sakamakon awo yakan yi jinkiri a wurinmu, ma'aikata kuma sun yi kaɗan. Amma a abin da na gani da idona, yaran da muke rasawa ba ƙarancin na'ura ne ke kashe su ba, rashin tsayayyen mutum ɗaya ne da zai ba da magani kullum ya kuma kawo su ranar da aka ce. Wannan yarinya ta samu irin wannan mutumin.

Almajirin Malamai ya rubuta:

Allah ya saka miki da alheri, baiwar Allah. Riƙon maraya yana cikin manyan ayyuka, kuma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi da mai kula da maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna da yatsunsa biyu. Abin da shari'a ta hana shi ne a canza wa yaro nasaba. A Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, Allah ya ce bai mayar da 'ya'yan riƙonku 'ya'yanku ba, ya kuma umarta a kira su da sunan ubanninsu, kuma daga nan ne aka daina kiran Zaidu ɗan Harisa da ɗan Muhammadu. Saboda haka yayanki yana iya ciyar da ita, ya ilimantar da ita, ya zauna da ita a gidansa, kasancewar kawu muharraminta ne tun asali, yana ma iya yi mata wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya shafe sunan mahaifinta ya sa nasa.

Akwai kuma abin da nake ganin ba ki sani ba game da matsayinki. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, renon yaro bayan uwa yana komawa ga kaka ta wajen uwa, sannan ga 'yar'uwar uwa. Lokacin da aka yi jayayya kan wanda zai riƙe 'yar Sayyidina Hamza, Annabi ya ba da ita ga gidan da innarta take, ya ce inna tana matsayin uwa. Tun da mahaifiyarku ba ta da ƙarfin reno, ke ce mai haƙƙi, ba a karɓe ta daga hannunki sai da yardarki. Ki kuma tuna da dangin mahaifinta, domin suna da ta cewa a tafiyar da za ta raba ta da ƙasarta, kuma ki tambayi yayanki, cikin girmamawa, wanda zai koya mata salla da karatu idan yana wurin aiki.

Ɗan Maradi a Liyon ya rubuta:

Yaya, ina zaune a Faransa shekara tara ke nan, kuma na raka wani abokina a irin wannan neman, shi ya sa nake son ki san cewa abin ba ya yiwuwa da yardar dangi kawai. Akwai yarjejeniyar birnin Heg ta 29 ga Mayu 1993 kan ɗaukar yara daga ƙasa zuwa ƙasa, Faransa tana cikinta tun da daɗewa, ita kuma Nijar ta fara aiki da ita a 2021. Ginshiƙinta shi ne, ba a fitar da yaro daga ƙasarsa sai hukumomi sun duba sun ga ba a samu iyalin da zai riƙe shi yadda ya dace a gida ba, kuma komai yana bi ne ta hannun hukumomin ƙasashen biyu da kotu, tare da binciken gidan mai ɗauka. Yarinyar da take hannun innarta, tana ci tana sha tana samun magani, tambayar farko da za a yi ita ce me ya sa za a ɗauke ta. Ki ƙara da cewa an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, wanda ya sa duk wata takarda ta ƙara wuya. Gaba ɗaya ma ƙofar tana ta ƙunci: a 2005 yaran da aka kawo Faransa daga waje sun haura 4,000, amma a 2022 ba su kai 300 ba, kuma Habasha, wadda a da take cikin ƙasashen da aka fi ɗaukar yara, ta haramta abin ga baƙi a 2018.

Wannan tsanani yana da dalili. Ba mu manta da abin da ya faru a Abeche ta ƙasar Cadi a Oktoban 2007 ba, lokacin da aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur ne, daga baya aka gano yawancinsu 'yan Cadi ne masu iyaye ko dangi a raye. Duk wanda ya zo muku da cewa zai gajarta hanya, ko a rubuta cewa yayanki ne ya haife ta, ku guje shi, domin ƙarya a takardar haihuwa laifi ne a ƙasashen biyu, kuma yarinyar ce za ta ɗauki nauyinsa idan ta girma.

Dokar Faransa ta san ɗauka iri biyu. Akwai cikakkiya, wadda take yanke nasabar farko baki ɗaya kuma ba a warware ta, akwai kuma sassauƙa, wadda take barin yaro da dangantakarsa ta asali. Ki tambayi yayanki wacce yake nufi, domin amsar Almajirin Malamai ta rataya a kan wannan. Ƙwayar ita kanta ba ta hana shiga ƙasar, kuma gaskiya ne za a kula da lafiyarta sosai. Amma maganar cewa babu mai nuna ta da baki, ban yarda da ita duka ba. A can ma iyalai suna ɓoyewa, kuma za ta haɗa da zama baƙar yarinya a ajin da ba kowa ke kama da ita ba, Hausarta kuma tana iya zubewa cikin shekara ɗaya ko biyu.

Baban Yara ya rubuta:

Ku gafarce ni, ni ra'ayina ya bambanta. Maganin da ake cewa kyauta ne, da kuɗin waje ake sayensa, musamman na Asusun Duniya mai yaƙi da Sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, kuma duk mun ji yadda Amurka ta dakatar da taimakonta a farkon 2025 aka shiga ruɗani a ƙasashe da dama. Yarinyar nan za ta sha magani har ƙarshen rayuwarta. Sannan mu da muke garin nan mun san abin da zai faru ranar da aka zo neman aurenta wani ya tsegunta. Wanda yake neman ta ba bare ba ne, kawunta ne, jininta. Idan akwai hanyar halal da za ta bar mata sunan ubanta, ni ina ganin kada a rufe ƙofar.

Goggon Yaro ta rubuta:

Ƙanwata, da na karanta saƙonki sai na ga kaina shekara 12 da suka wuce. Ɗan ƙanena na karɓa yana da shekara uku, yanzu yana da 15, yana koleji, ya fi ni tsawo. Maganar Baban Yara tana da nauyi, kuma ni ma na sha kwana da wannan fargaba, sai dai ina son in gaya miki inda wahalar take a gaskiya, domin ba inda nake zato na same ta ba.

Ba da magani ga ƙaramin yaro ba shi da wuya. Na ɗaura shi da sallar isha'i, yadda ko wayata ta mutu ladan zai tuna mini, kuma duk tafiyar da za mu yi, ko ta kwana ɗaya ce zuwa Madarunfa, maganin ne farkon abin da ke shiga jaka. Wahalar ta zo ne da ya fara tambaya. Yana da shekara bakwai ya ce, "Goggo, me ya sa ni kaɗai nake sha?" Sai na ce masa maganin ƙarin jini ne. Na yi ta maimaita wannan ƙarya shekara huɗu, ina ganin tausayinsa nake ji. Yana da shekara 11 ya karanta abin da ke jikin kwalbar, ya haɗa da abin da ya ji a makaranta, ya gane da kansa, shi kaɗai, babu wanda ya riƙe masa hannu. Bai ce mini uffan ba. Sai da ya fara ramewa awo ya nuna ƙwayar ta hau, sannan na ɗaga katifarsa na tarar da ƙwayoyin sati shida a ƙulle cikin leda. Da na tambaye shi, abin da ya ce shi ne, tun da na yi masa ƙarya a kan wannan, bai san sauran abin da na ɓoye masa ba. Mun fi shekara kafin ya sake sakin jiki da ni.

Daga baya wata ma'aikaciya ta bayyana mini cewa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a riƙa gaya wa yaro kaɗan-kaɗan daidai hankalinsa, yadda zai san cikakken sunan abin tun yana shekarun firamare, kafin ya balaga. Taki mai shekara huɗu, ya isa ki ce mata akwai wata ƙwaya a jininta, maganin ne yake sa ƙwayar ta yi barci, kuma idan aka daina sha takan farka. Wannan gaskiya ce, kuma za ki iya ɗora sauran a kanta shekara bayan shekara ba tare da kin janye ko kalma ɗaya ba. Ki koya mata cewa maganar ta cikin ɗaki ce, amma kada ki nuna mata abin kunya ne. Ki kuma nemi a haɗa ki da ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar, domin ranar da yarona ya zauna da samari irinsa ya ga suna dariya suna maganar ƙwallo, ranar ce ya daina ganin kansa a matsayin mai jiran mutuwa.

Abin da ya sa na kawo wannan a maganar tafiya shi ne, yarinyar ta rasa uba, ta rasa uwa, wata takwas kacal ke nan da ta fara sabawa da ƙirjinki. Idan aka sake ɗauke ta yanzu zuwa hannun mutanen da ta sani a waya kawai, a harshen da ba ta ji, rashi na uku ke nan, kuma wata rana za ta tambaya ko saboda ciwonta ne aka rabu da ita. Ko a Maradi ko a Faransa, sai ta yarda da mai miƙo mata maganin sannan za ta ci gaba da sha idan ta kai shekarun taurin kai. Ni da za a bi tawa, kawunta ya ɗauki nauyin makarantarta da abincinta, ya riƙa zuwa tana ganinsa, idan ta yi hankali ta san ciwonta ta san danginta, sai a tambaye ta ita ma. Gajiyar da kika ambata kuwa ba laifi ba ce, ki samu mutum ɗaya amintacce a gidan da zai iya ba da maganin ranar da kike kwance.

Innar Marainiya ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigidana amsar Malamin Asibiti, ya yi shiru, amma ranar Talata ya raka mu, ya yi wa likita tambayoyi sun fi goma, kuma daren nan shi da kansa ya kira ta ta sa hannu a kwanon yara. An ɗibi jininta domin awon yawan ƙwayar, an ce mu koma bayan sati uku.

Na yi magana da Yaya ta waya. Ya ce cikakkiyar ɗaukar yake nufi, kuma bai san tana shafe sunan mahaifi har abada ba. Ransa bai so ba da na ce a dakata, ya ce ina hana yarinya arzikinta, amma ya amince zai zo da matarsa su yi wata guda idan hanya ta samu, kuma zai fara aiko da kuɗin makarantarta. Maganar Baban Yara ma na gaya masa, ya ce zai nemi lauya ya tambaya game da ɗaya hanyar.

Abin da ya rage mini yanzu shi ne baffanninta da ke Gidan Rumji. Ba su san abin da ya kashe ɗan'uwansu ba, ba su kuma san halin yarinyar ba, ga shi akwai matarsa ta farko da 'ya'yanta biyu a can waɗanda ban sani ba ko an taɓa auna su. Goggo, ke da kika riga ni shiga wannan, ta yaya kika buɗe wa dangi maganar, kuma wa kika fara gaya wa?